Rumbun kwamfutar da ya faɗo daga kumbon Columbia da yadda aka ceto bayanansa

Wajen wata shida bayan tarwatsewar kumbon Columbia na Amurka a sararin samaniya a 2003, wani ɗan ƙunshi ya isa ofishin kamfanin Kroll Ontrack da ke garin Eden Prairie, kusa da Minneapolis a jihar Minnesota ta Amurka. Sana'ar kamfanin ita ce ceto bayanai daga na'urorin da suka lalace. Wani ɗan kwangilar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ne ya aiko ƙunshin. Abin da ke ciki rumbun ajiyar kwamfuta ne, wanda masu gyara ke kira had-dis, ƙirar Seagate, ɗan ƙarami mai inci biyu da rabi irin na laftof, cikinsa bai wuce megabait 400 ba. Injiniyan da aka danƙa wa aikin, Jon Edwards, ya shaida wa 'yan jarida daga baya cewa da farko ba su ma gane rumbu ba ne. Ƙarfe biyu suka gani manne da juna, a ƙone, gefunansu sun narke. Kwana biyu ya yi a kansa, ya fito da kashi 99 cikin ɗari na abin da aka rubuta a ciki.

An sha ba da labarin nan a matsayin shaidar cewa rumbun kwamfuta yana da taurin rai, tunda ga wanda ya faɗo daga sama cikin wuta kuma ya yi magana. Ni ban karanta shi haka ba. Wanda ya bi lamarin daki-daki zai ga cewa abin da ya tsira siriri ne ƙwarai, kuma dalilan tsirarsa su ne ainihin abubuwan da mu muke takewa duk ranar da rumbun kwamfutarmu ya fara ciwo.

Tafiyar da ba a dawo ba

Columbia ya tashi daga cibiyar Kennedy da ke Florida ranar 16 ga Janairun 2003. Tafiyarsa ta 28 ke nan tun da ya fara tashi a 1981. Mutum bakwai ne a ciki: kwamanda Rick Husband, matuƙi William McCool, sai Michael Anderson, David Brown, Laurel Clark, Kalpana Chawla haifaffiyar Indiya, da Ilan Ramon ɗan Isra'ila. Tafiya ce ta binciken kimiyya zalla, kwana 16, da gwaje-gwaje kusan 80, an raba mutanen gida biyu suna karɓa-karɓa ba dare ba rana.

Daƙiƙa 82 da tashi, wani guntun soso daga cikin wanda aka lulluɓe babban tankin mai da shi ya ɓalle, ya daki gaban fiffiken hagu. Nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, amma gudun da ya zo da shi ya isa ya huda fiffiken. Ranar 1 ga Fabrairu, suna kan hanyar dawowa, iska mai tsananin zafi ta kutsa ta hudar ta cinye fiffiken daga ciki. Kumbon ya wargaje a sararin samaniyar Texas, a tsayin wajen kilomita 60, yana gudun kusan kilomita 20,000 a sa'a, saura kamar minti 16 ya sauka. Babu wanda ya tsira. Dubban mutane suka shafe watanni suna taka dazuka da gonaki da fadamun Texas da Louisiana, har aka tattaro guntaye wajen 84,000, kimanin kashi 38 cikin ɗari na nauyin kumbon. A cikin waɗannan guntaye rumbun nan ya fito.

Ba bayanan hatsarin ne a cikinsa ba. Na wani gwaji ne da ake kira CVX-2, wanda masana daga hukumar NIST, mai kula da ma'aunai a Amurka, irin su Robert Berg da Michael Moldover, suka shirya tare da cibiyar Glenn ta NASA. Abin da suke bi shi ne wata ɗabi'a da kowa ya taɓa gani ko da bai kula ba: wasu abubuwa masu kauri suna tsinkewa idan aka motsa su da sauri. Fenti yana da kauri a cikin gwangwani, amma da an ja shi da buroshi sai ya bi bango salin-alin, da an ɗaga hannu kuma ya sake kama jikinsa. An san haka a abubuwa masu haɗe-haɗe irin su fenti da jini. Lissafin masana ya nuna cewa ko abu mai sauƙin gini, wanda ƙwayoyin zarrarsa ke zaman ɗai-ɗai, ya kamata ya yi hakan idan aka kai shi wata gaɓa ta zafi da matsi inda ba a iya bambance ruwansa da iskarsa. Iskar zenon suka zaɓa, domin ita gaɓarta tana kusa: zafin digiri 16.6 a ma'aunin Salshiyas, da matsi wajen ninki 58 na iskar da muke shaƙa.

A doron ƙasa ba a iya wannan awo da kyau. Idan zenon ta kai wannan gaɓa takan yi laushin da nauyin kanta ma ya isa ya danne ta, sai ta ƙasan kwalba ta fi ta sama cunkushewa, awo ya ɓaci. Shi ya sa aka kai ta inda abu ba ya jin nauyinsa. An taɓa yin kashin farko na gwajin a kumbon Discovery a watan Agustan 1997. A wannan karo na biyu, wata 'yar raga ta ƙarfen nikel ce ke kaɗawa a cikin zenon, sau ɗaya zuwa sau biyar a daƙiƙa, na'ura tana auna yadda zenon ke riƙe ta. An yi haka na wajen sa'o'i 370.

Ga wani abu da masu ba da labarin kan tsallake. Tun kumbon yana sama ake turo sakamakon ƙasa ta rediyo, har kashi 85 cikin ɗari ya iso hannun masu binciken kafin hatsarin. Wato ragowar kashi 15 ake nema a jikin ƙonannen ƙarfen nan. Da a ce duk aikin a rumbun kaɗai yake, da shekarun da aka yi ana shiri sun rataya a kan sa'a tsagwaronta.

Abin da ke cikin akwatin

Sai an san yadda rumbu yake kafin a gane abin da Edwards ya yi. Idan aka cire murfin, faya-fayai ne masu sheƙi, na alminiyam ko na gilashi, a jere a kan sanda ɗaya da wani ɗan inji ke juyawa. A rumbunan yau sukan yi zagaye 5,400 ko 7,200 a minti. An shafe fuskar kowane faifai da wani siririn rufi mai ɗaukar maganaɗisu, kuma duk abin da mutum ya ajiye, hoto ne ko takardar digiri ko lissafin shago, yana zaune ne a wannan rufi a matsayin ƙananan ɗigo da aka juya maganaɗisunsu ta nan ko ta can. Sauran kayan duk masu hidima ne: injin, allon lantarkin da ke ƙasa, da hannun da ke kai da kawowa a kan faifai ɗauke da allurar karatu. Kowannensu ana iya samo madadinsa. Rufin nan ne kaɗai ba shi da madadi.

Allurar ba ta taɓa faifai yayin aiki. Iskar da juyawar faifan ke tayarwa ce ke ɗaga ta, tana shawagi a kansa. A rumbunan zamani tazarar 'yan nanomita kaɗan ce, alhali kaurin gashin mutum yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. A tsofaffin rumbuna irin na Columbia tazarar ta fi haka, amma duk da haka ƙwayar ƙura ɗaya ta ninka ta sau da yawa. Idan ƙura ta shiga tsakani faifai yana gudu, allura za ta yi tuntuɓe ta karce rufin. Abin da ta kankare ya zama sabuwar ƙura, ita ma ta haddasa wani karcen, haka abin zai yi ta haihuwa har faifan ya yi zobe-zobe. Wurin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan, babu wani gwani a duniya da zai karanta abin da ya zama gari.

To, rumbun Columbia ya iso da duk abin da ake tsoro. Ƙarfensa da robarsa sun babbake. Hatimin da ke zagaye da murfi, wanda ke hana ƙura shiga, ya narke, datti ya samu hanya. Faya-fayan sun sha karce, sun yi ramuka. Amma abu biyu sun tsaya daidai. Na farko, faya-fayan ba su lanƙwashe ba. Na biyu, rufinsu bai saki maganaɗisunsa ba.

Sai kuma sa'ar da Edwards da kansa ya danganta nasarar da ita. Kwamfutar gwajin tana aiki ne da DOS, tsohuwar manhajar da tun a 2003 an daɗe da barinta a ofisoshi. Ita DOS ba ta warwatsa bayanai ko'ina a faifai. Tana cikawa ne a jere, kamar manomin da ya fara shuka daga bakin gona yana bi kunya bayan kunya, bai kai rabi ba ambaliya ta zo ta wanke ɓangaren da bai riga ya shuka ba. Rumbun rabinsa kawai aka cika, ɓarnar kuma ta sauka a inda ba a yi rubutu ba tukuna.

Aikin da aka yi ba shi da wani siddabaru. An ciro faya-fayan daga ƙonannen akwatin a hankali, aka wanke su da ruwan sinadari, aka dasa su a cikin wani rumbu mai lafiya da aka haɗa dominsu, sannan aka kwashe abin da ke kansu. Irin wannan aiki a ɗaki na musamman ake yinsa, wanda ake tace iskarsa ba tsayawa. Ma'aunin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kada a samu fiye da ƙwayar ƙura 100 masu girman rabin maikiron (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ko fiye a cikin iskar da za ta cika akwati mai tsawo da faɗi da zurfin ƙafa ɗaya-ɗaya, ma'aikaci kuma yana cikin riga da hula da safar hannu da takunkumi. Rumbun da za a ara wa kayansa dole ya zama ɗan gida ɗaya da mara lafiyar, samfuri ɗaya, tsari ɗaya, domin kowane samfuri da yadda yake jera layukansa a faifai. Kwana biyun da aka ce an yi, a kan shekarun ƙwarewa da ɗakin ajiyar tsofaffin rumbuna suka hau.

Akwai wasu rumbuna biyu daga kumbon da aka kai wa wannan kamfani. Ba a samu komai a cikinsu ba. Zafin da suka sha ya kai inda rufin faya-fayansu ya daina riƙe maganaɗisu, rubutun ya goge tun daga tushe. Injiniyoyin su ne dai, ɗakin shi ne dai, kumbon ma ɗaya ne. Cikin uku ɗaya ya dawo. Duk wanda zai kafa hujja da Columbia ya kamata ya fara da wannan lissafi.

Abin da munin kamarsa ya hana

Wani abu ya daɗe yana tsaya mini a rai game da wannan rumbu. Tun daga ranar da ya faɗo har ranar da ya shiga hannun Edwards, babu yadda za a yi wani ya kunna shi. Kayan lantarkinsa sun ƙone, kamarsa ma ba ta rumbu ba ce. Saboda haka faya-fayan ba su juya ko sau ɗaya ba da datti a kansu. Duk ƙurar da ta shiga ta narkakken hatimin nan ta kwanta ne kawai a kan rufin, tana jiran a wanke ta. Da ya faɗo da kyakkyawar kama, wani mai kyakkyawar niyya ya jona masa wuta don ya ga ko yana tashi, daƙiƙa kaɗan sun isa allura ta bi ta kan dattin nan ta kai ɓarnar har ɓangaren da aka yi rubutu.

Rumbunanmu ba su da wannan kariya, domin idan sun lalace lafiya lau suke a ido. Laftof ta zamo daga kan gado tana kunne, ko rumbun waje ya faɗo daga tebur igiyarsa ta ja shi. Aka kunna, sai a ji ƙas, ƙas, ƙas, shiru, sannan ya sake. Wannan ƙara hannun allura ne ke fita neman alamomin da za su nuna masa inda yake a faifai, ya rasa, ya koma ya daki maƙurarsa, ya sake fita. Sau da yawa allurar ce ta lalace, kuma kowace fita tana iya zama sabon karce. Mai kwamfuta zai kashe ya kunna sau goma. Sannan ya ɗauka ya kai shago, a ce masa, "Malam, kawo mu jona a wata kwamfutar mu gani." A jona, a bar shi yana ƙas-ƙas ana ta hira. Idan bai tashi ba a ɗan bubbuga shi. Wani ma ya ɗauko sukundireba ya buɗe murfin a nan bakin titi, cikin watan hunturu, hazo ya rufe gari, babura suna wucewa. Kafin a yanke shawarar neman wanda ya san aikin, abin da ake nema ya riga ya zama gari a cikin akwatin.

Ba raina masu gyara nake yi ba. Da yawansu sun iya aikinsu, kuma su ne ke riƙe da kwamfutocin ɗalibai da 'yan kasuwa a garuruwanmu. Amma gyaran kwamfuta daban, ceton bayanai daban. Mai gyara burinsa na'ura ta tashi, shi ya sa fomat da sabon Windows ke saurin zuwa bakinsa. Mai ceto bai damu ko rumbun zai sake aiki ba, so yake ya karanta shi sau ɗaya tak. Ya kamata mai kaya ya faɗa tun daga bakin ƙofa wanne ya zo nema. Mai gyara na ƙwarai kuma, idan ya ji ƙarar nan, zai zare wuta ya ce, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne, kada a ƙara kunna shi."

Haka nan maganar sa rumbu a firiza, da ake yaɗawa tun zamanin tsofaffin rumbuna. Rumbu na yau da kullum yana da 'yar ƙofar numfashi mai matata, iska tana shiga tana fita. Idan aka ciro shi daga sanyi zuwa zafin ɗaki, raɓa za ta kwanta a kan faifai, a kunna shi allura ta bi ta kan ruwa. Canza allon lantarki ma ba kamar da ba ne. A yawancin rumbunan yanzu akwai wani ɗan guntu a jikin allon da ke ɗauke da saitin wannan rumbu shi kaɗai, wanda aka auna masa a masana'anta. Idan wuta ta ƙona allo, abin da ke faruwa sosai a inda ake ɗaukewa a kawo da ƙarfi ko ake sauyawa zuwa janareta, sai an ciro wannan guntu an dasa a sabon allon kafin rumbun ya gane kansa. Wannan lalacewa ma tana cikin masu sauƙi, domin faya-fayan suna nan lafiya.

Akwai kuma ciwon da ba na ƙarfe ba: an goge fayil bisa kuskure, ko an yi fomat na gaggawa, ko kwamfuta ta ce sai an yi fomat kafin ta buɗe rumbun. A nan yawanci bayanan suna nan inda suke. Abin da aka taɓa shi ne rajistar da ke nuna wane fayil ke zaune a ina, wurinsa kuma aka rubuta shi a matsayin fili. Yana nan har ranar da aka rubuta wani abu a kansa. Shi ya sa babban kuskure shi ne mutum ya ci gaba da aiki da kwamfutar, ko ya sauko da manhajar ceto daga intanet ya girka ta a kan rumbun da yake son cetowa. Da hannunsa yake binne abin da yake nema. A kashe, a ciro rumbun, a jona shi a wata kwamfutar, duk abin da aka samo kuma a zuba shi a wani wuri dabam.

Idan rumbu yana tashi amma yana jan ƙafa, yana maƙalewa a wasu fayiloli, ƙa'idar masu sana'ar ita ce a fara ɗaukar hotonsa gaba ɗaya zuwa wani rumbu mai lafiya, sannan a yi duk wani bincike a kan kwafin. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ddrescue da aka gina don haka. Takan fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu gardama, ta rubuta inda ta tsaya, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa wuraren da suka ƙi. Hikimar ita ce rumbu mara lafiya sauran sa'o'insa ƙidayayyu ne, bai kamata a ƙarar da su a kan wuri ɗaya da ya riga ya mutu ba. Manhajojin da ke cewa za su gyara rumbu, har da mai duba faifai da ke cikin Windows, suna yin akasin haka: su tilasta masa karanta wurin ciwon, kuma su yi rubutu a kansa.

Game da gargaɗi kuwa, rumbuna suna da wani tsari mai suna SMART da ke ƙirga alamun rauni, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna shi. Yana da amfani a riƙa dubawa. Wani bincike da injiniyoyin Google suka fitar a 2007, a kan rumbuna sama da 100,000, ya nuna cewa rumbun da aka fara samun kuskure a fuskar faifansa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Amma binciken ya kuma nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ta SMART ba sam. Wato idan ya yi gargaɗi a gaskata shi a kwashe kaya a ranar, idan kuma ya yi shiru ba shaidar lafiya ba ce. Abin da ya rage shi ne abin da masu gwajin zenon suka yi, kwafi yana fita tun ana cikin aiki. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, wannan bai wuce laftof da filas da tura wa kai ta imel duk ƙarshen mako ba. Filas ɗin da ke cikin jaka ɗaya da laftof ba wani wuri dabam ba ne, ɓarawo ɗaya ke ɗauke su.

Da rumbun yau ne

Ina ganin da wuya a maimaita abin da Edwards ya yi da rumbun wannan zamani a irin wancan hali. Rumbun Columbia bai kai rabin gigabait ba, ɗigon rubutunsa manya ne, layukansa da tazara. Yau ana sayar da rumbu mai terabait 20 da ɗoriya, kuma ko na laftof mai terabait ɗaya ya ninka na Columbia fiye da sau 2,000 a faifai mai faɗi ɗaya. Karcen da a da zai ci fayil guda yanzu zai ci dubbai. Faya-fayan ƙananan rumbuna da yawa na gilashi ne, suna iya tarwatsewa. Manyan rumbuna, tun daga 2013, an fara cika su da iskar hiliyam ana like su ruf, buɗe su kaɗai aiki ne. Ga kuma kulle bayanai da lambar sirri, irin BitLocker, wanda sababbin kwamfutoci da yawa ke zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba. Idan mabuɗin ya ɓata, ko an karanta kowane ɗigo a faifan, shirme za a gani.

Sababbin laftof kuwa yawanci SSD ke cikinsu, wanda ba shi da faifai ko allura. Ya fi jure faɗuwa da jijjiga, wannan gaskiya ne. Amma ba ya ƙas-ƙas, yakan ɗauke ne kawai. Kuma idan aka goge fayil, kwamfuta tana aika masa umarnin da ake kira TRIM, shi kuma ya share wurin da kansa ba da jimawa ba. Damar nan ta cewa abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa, a SSD ba a dogara da ita.

Su kuwa masu gwajin zenon, da ragowar bayanan suka iso, sai da suka shafe shekaru suna tacewa, domin raba tsinkewar da suke nema da sauran abubuwan da ke shafar motsin ragar ba ƙaramin lissafi ba ne. Na'urarsu tana bambance zafi har zuwa kashi ɗaya cikin 100,000 na digiri, ragar kuma tana kaɗawa daga maikiron 3 zuwa 430. A watan Afrilun 2008 sakamakon ya fito a mujallar Physical Review E, da sunayen Berg da Moldover da Minwu Yao da Gregory Zimmerli. Zenon ta tsinke kamar yadda aka yi hasashe. Adadin da ke nuna inda tsinkewar ke farawa, wanda lissafin masana ya ce 0.121 ne, awon da aka yi a cikin Columbia ya ba da 0.137, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana cikin iyakar kuskuren awo.